Lemo Ma Yana da Dangi

Sana'ar lemo, yadda ake yin ta a nan Kumasi, rabinta cinikin biri a sama ne. Ba a jira sai lemo ya nuna an zube shi a gabanka ka taya. Tun yana ɗanye, wani lokaci bai wuce girman ƙwan zabo ba, 'yan kasuwa ke shiga ƙauyukan Mankranso ko su gangara Kade da Asamankese, su zaga gona da mai ita, su ɗaga kai su ƙiyasta, a yi ciniki, a ba da kafin alƙalami. Manomi na neman kuɗin makarantar yara da na 'yan ƙwadago, ɗan kasuwa kuma na neman tabbacin kaya, musamman in azumi zai faɗo cikin kakar lemo, lokacin da Wagadugu da Yamai ba sa ƙoshi. Malaman zango sun sha yi mana magana a kan sayen 'ya'yan itace kafin su ƙosa, shi ya sa mu tun zamanin mahaifina buhu muke ƙirgawa, ba bishiya ba. Amma ko da haka ne, in gona ta lalace manomi ba shi da abin da zai zuba maka a buhun, kuɗinka kuwa ya riga ya shiga cikin tukunyarsa. Abin da ya sami gonar ya same ka.

To akwai wata cuta da ta shigo gonakin Ghana, wadda duk wanda ya yi shekara goma sha biyar a wannan sana'a zai iya tuna farkonta. Tana fara wa ganye, ɗigo-ɗigo masu ruwan ƙasa da zobe rawaya kewaye da su. Daga nan sai ta hau 'ya'yan. Tabon yakan kumbura, daga baya ya lotsa ya yi baƙi, ƙwallon ya ƙandare kamar dutse, wani ya tsage, mafi yawa su zube ƙasa tun ba su kai ko'ina ba. Wanda ya tsira a kan reshe, ka yanka shi ka matsa, babu ruwan kirki. Fumfuna ce, 'yar uwar wadda ke fitowa a kan burodi ko goro in ya sha danshi, sai dai ita wannan bishiya mai rai take ci. Masana suna kiran ta Pseudocercospora angolensis, kuma sunan ma ya faɗi asalinta: a Angola da Mozambik aka fara ganin ta a 1952. Ta iso Kamaru a 1969, Nijeriya a 1978, Kenya a 1984, har ta tsallaka Yaman. A Ghana sai wajajen 2013 aka tabbatar da ita a rubuce, ko da yake manoma sun riga takarda sani. Inda ta yi ƙarfi ba a yi feshi ba, takan cinye rabin amfanin gona, wani wuri ma ta cinye shi duka.

Abin da ya tsaya mini a rai ba asarar ba ce, don asara kowa ya san ɗanɗanonta. Wani dattijon Asante ne da muka daɗe muna hulɗa, gonarsa lemun zaƙi ce zalla, sai bishiyoyin lemun tsami huɗu ko biyar da ya shuka a bakin iyaka saboda matarsa. A shekarar da cutar ta yi masa kaca-kaca, ƙasan gonar ya cika da zubabben lemo, amma lemun tsamin nan na tsaye kore shar, da 'ya'yansa, sai ɗan tabo nan da can a ganye. Rassansu har gogar juna suke yi da na lemun zaƙin. Iska ɗaya, ruwan sama ɗaya, ƙasa ɗaya. Na ce masa, "Opanin, me ka yi wa waɗannan da ba ka yi wa sauran ba?" Ya buɗe hannu ya ce, "Alhaji, ko kallonsu ba na yi."

Ɗana na biyu yana karatun aikin gona a jami'ar nan ta Kumasi, kuma shi ya warware mini. Ya ce, "Baba, abin a jini yake." Bishiya ba ta da jini, amma na gane nufinsa, don mu masu kiwo ne a asali. Kowa ya san shanun kurmi, gajerun nan, suna jure cizon tsando, su rayu inda farin sa na tudu zai rame ya mutu cikin damina ɗaya. Ba magani aka ba su ba, gado ne. Haka lemo. An gwada iri-iri a Kamaru da Kenya, aka ga garehul shi ya fi kowa rauni a gaban wannan fumfuna, lemun zaƙi da yawancin tanjirin na biye da shi, lemun Masar mai kan nono ya fi su juriya, ƙaramin lemun tsami kuwa shi ya fi kowa. Kuma cutar ta fi son wuri mai tudu, mai sanyi da raɓa, shi ya sa mutanenmu da ke sayo lemo daga tsaunukan yammacin Kamaru suka riga mu kuka da ita.

Tambayar da kowane ɗan kasuwa zai yi ita na yi. Tun da abin a iri yake, me zai hana manoman nan su bar Late Valencia, wanda shi ya cika gonakin Ghana, su koma wani irin lemun zaƙi da ba ya kamuwa? Amsar da ya ba ni ta ba ni mamaki ƙwarai. Wai duk lemun zaƙin duniya, da Valencia, da Washington mai cibiya, da mai jan ciki, da Ibadan Sweet ɗin da ake lodi daga Binuwai zuwa kasuwar 'Yan Lemo a Kano, asalinsu bishiya ɗaya ce. Can a ƙasar Sin, a zamanin da ba wanda ya rubuta, tanjirin ya haɗu da wani ƙaton lemo mai kaurin ɓawo da ake kira pomelo, aka sami lemun zaƙi. Tun daga nan ba a sake haifar sa ba, kwafinsa kawai ake ta yi. Ko dai a yanki ido a ɗaura wa wata bishiya, ko a shuka ƙwallonsa, shi kuma ƙwallon lemun zaƙi yana da wata ɗabi'a ta ban mamaki: yawancin tsiron da ke fita daga cikinsa uwar ce sak, babu uba a ciki. Bambancin da muke gani tsakanin iri da iri ɗan sauyi ne da ke faruwa a reshe guda, wani mai ido ya lura, ya yanka ya yaɗa. Washington mai cibiya haka ya samu a Bahia ta ƙasar Barazil, aka kai shi Amurka a 1870, daga nan ya zaga duniya.

Ke nan ba 'yan uwa ba ne ma, tagwaye ne masu kaya daban-daban. Cutar da ta san ƙofar gidan ɗaya ta san ta sauran. Ana samun ɗan fifiko tsakaninsu, wani ya fi wani daɗewa kafin ya faɗi, amma babu lemun zaƙin da za a ce wannan fumfunar ba ta taɓa shi. Don haka duk mai sayar da dashe da ya rantse maka cewa nasa lemun zaƙin "ba ya cuta", ko dai bai sani ba, ko ya san kai ne ba ka sani ba. Abin da ya rage wa manomi shi ne feshi a kan lokaci, tun sabon ganye na fitowa da lokacin da 'ya'ya ke ƙanana, da magunguna irin su mancozeb da carbendazim ko masu jan ƙarfe a ciki, da sassabe rassa don iska ta ratsa, da kwashe zubabbun 'ya'ya a binne. Wannan kuɗi ne, kuma sau da yawa daga kafin alƙalaminmu yake fita. Ni yanzu kafin in ba da ko sidi ɗaya, sai na ga injin feshi da idona, in kuma ga kwalaben da aka yi amfani da su.

Inda gado ya fi yin aiki a fili shi ne a gindi, kuma nan ne maganar ta fi shafar gida.

Yawancinmu da ke zaune a kurmi burinmu ɗaya ne: a tara ɗan abin da aka tara, a sayi fili a gida, a haƙa rijiya, a kafa garka da za ta riƙe mutum in ƙafa ta gaji da hawan mota. Ƙanena yana Gaya, kuma shekara biyu ke nan yana matsa mini mu haɗa kuɗi mu dasa lemo. A can fumfunar ganye ba ta da ƙarfi sosai, rani da zafin rana sun gama da ita. Abin da ke kashe lemo a garkunan tudu daga ƙasa yake zuwa. Za ka ga gindin bishiya na tsatsar ƙaro kamar hawaye, ɓawon ya yi baƙi ya ruɓe, a hankali ruɓar ta zagaye gindin, ganye ya yi rawaya, bishiya ta yi 'ya'ya rututu na bankwana ta mutu. Sunan mai wannan aiki Phytophthora. Masana sun ce in an bi salsala ba fumfuna ce ta haƙiƙa ba, amma kamar ita take rayuwa. A cikin ruwa take iyo. Kwarin nan da muke haƙa wa bishiya mu cika shi da ruwa har ya taɓa gindi, don nuna ƙauna, shi ne shimfiɗarta.

Wannan cuta ita ta koya wa duniya auren lemo. Kafin ita, daga ƙwallo ake shuka lemun zaƙi a yawancin wurare, ya tsaya da ƙafarsa. Tsakanin 1830 da 1840 ta ɓulla a tsibiran Azores, waɗanda a lokacin su ke cika kasuwannin Ingila da lemo, ta karkashe gonaki, daga nan ta bi ƙasashen bakin Bahar Rum. Sai aka lura cewa lemo mai ɗaci, wanda ba mai shan sa, gindinsa ba ya ruɓewa. Aka shiga ɗaura idon lemun zaƙi a kan gindin mai ɗaci: ƙasa na mai juriya, sama na mai daɗi. Kusan shekara ɗari duniya ta huta, har aka ɗauka magana ta ƙare.

Ashe an gudu ne ba a tsira ba. A shekarun 1930 wata cuta dabam, ba fumfuna ba, ƙwayar bairos ce da ƙananan ƙwarin darɓa ke ɗauka daga bishiya zuwa bishiya, ta shiga Ajantina da Barazil. Ita kuma ba ta fi ƙarfi a kan kowa ba sai lemun zaƙin da aka aura a kan gindin mai ɗaci. Tana toshe hanyar abinci daidai wurin ɗaurin, saiwa ta mutu da yunwa, bishiya ta bushe a tsaye. Miliyoyin bishiyoyi suka tafi. Mutanen can suka sa mata suna tristeza, wato baƙin ciki a harshensu. Gindin da ya ceci kakanni shi ya kashe jikoki, don kowa ya zuba ƙwansa a wuri ɗaya.

Ghana ma ta ɗanɗana. Tun ana kiran ta Gold Coast, yankin Asebu kusa da Cape Coast ya shahara da lemun tsami da ake matsewa ana kai ruwansa Ingila. Daga 1938 bishiyoyin suka fara mutuwa, bincike ya nuna tristeza ce, aka ceto noman ta hanyar aura lemun tsamin a kan wani lemo mai kaushin ɓawo da Turawa ke ce wa rough lemon. Ka ga lemun tsamin nan da na gani yana tsaye ƙyam a gonar dattijo, yana yi wa fumfuna dariya, shi ne ragon da tristeza ta fi rainawa. Kowane iri da inda aka fi ƙarfinsa. Shi kuma rough lemon, wanda har yau shi ne gindin da aka fi amfani da shi a nan, yana jure tristeza, yana jure fari, yana saurin girma, amma gindinsa na ruɓewa da wuri in ruwa ya kwanta masa.

Akwai gindin da ya haɗa juriya biyun. Wani ɗan uwan lemo ne daga ƙasar Sin, mai ganye uku-uku da ƙaya kamar ta aduwa, 'ya'yansa ko akuya ba ta so. Ruɓar gindi ba ta cika kama shi ba, tristeza ma haka. Matsalarsa shi ɗan ƙasar sanyi ne, kuma ba ya son ƙasa mai gishiri ko farar ƙasa. Sai aka riƙa haɗa shi da wasu don a sami 'ya'yan da suka gaji juriyarsa. Daga nan aka sami Troyer da Carrizo, waɗanda aka haɗa da lemun zaƙi, da kuma Swingle, wanda aka haɗa da garehul. Shi wannan na ƙarshen, wani masani Walter Swingle ne ya haɗa shi a Florida a 1907, amma ba a sake shi ga manoma ba sai 1974. Shekara 67. Da na ji haka na daina tambayar ɗana yaushe za su ƙirƙiro mana lemun da ba ya cuta. Bishiyar da aka shuka daga ƙwallo takan yi shekaru kafin ta nuna ɗan fari, sannan a jira a ga ko za ta jure, sannan a gwada ta a ƙasa iri-iri. Mai haɗa masara yana ganin jikokin aikinsa cikin shekara biyu, mai haɗa lemo sai ya bar wa almajirinsa.

Abu ɗaya da ya kamata mai niyyar garka ya riƙe: gindi na kare gindi ne kawai. Juriyarsa ba ta hawa sama ta shiga ganye da 'ya'ya. Cutar da ke kama kai, irin kan ne zai tare ta ko ya kasa.

Misalin da ya fi burge ni a nan shi ne na tanjalo, wanda mutanen Gaya ke ji da shi. Akwai wata fumfuna, Alternaria, mai sa tabo ruwan ƙasa a ganye da 'ya'ya. Dafi take fitarwa, dafin kuma ba ya yi wa kowa aiki sai iri ƙalilan. Lemun zaƙi ba ruwansa da ita, haka tanjirin ɗin da ake kira clementine da satsuma. Da aka bi salsalar waɗanda take kamawa, sai aka tarar akasarinsu zuriyar tanjirin guda ne mai suna Dancy. Minneola da Orlando, tanjalo biyun da suka fi yaɗuwa a duniya, 'ya'yansa ne da garehul. Fortune ma daga zuriyarsa yake, kuma da cutar ta shiga Sifen a 1998 sai da manoma da yawa suka sare gonakin Fortune ɗinsu ko suka canja musu kai. Raunin a wuri guda yake cikin ƙwayoyin gado, kuma in ɗa ya ɗauko shi daga uwa ko uba, ɗaya kawai, ya kamu. Ba kamar sikila ba, da sai an haɗu daga ɓangare biyu. Tun da an gano wurin, masana a Balansiya yanzu sukan tsinki ɗan ganyen tsiro tun yana wata-wata, su duba, su zubar da masu raunin ba tare da jiran shekaru ba. Tanjalo a busasshiyar ƙasa irin tamu yana zaman lafiya da wannan fumfuna saboda ba ta samun danshin da take so. Wanda ya ɗauko dashensa ya kawo kurmi, inda raɓa ke kwana a ganye har hantsi, lissafin ya canja.

Akwai kuma baƙin tabo, wanda duk mai lodi ya san shi ko bai san sunansa ba. Ka loda lemo fes a Kade, ka bi ta Paga, kwana uku ko huɗu cikin zafi, a sauke a Yamai ka ga ya fito da ƙananan ɗigo masu baƙin baki kamar an yayyafa masa tawada. Dillali ya ce kayanka sun lalace, kai ka zargi direba, direba ya zargi tamfol. Alhali fumfunar tun lemon na ƙarami ta shige ɓawonsa ta kwanta, watanni ba ta motsa ba, zafi da haske ne suka tashe ta. An fara bayyana ta a Ostireliya a 1895. Lemun Masar da Valencia mai daɗewa a kan bishiya su ta fi kamawa, lemo mai ɗaci kuwa ba ta yi masa komai. Sa'armu a ɓawo take tsayawa, cikin lafiya lau, kuma matan da ke sayar da lemo a tire feraye shi suke yi kafin mai saye ya gani. Kar ka bari dillali ya karya maka farashi kamar ruɓaɓɓe ka kawo. Turai ce ba ta yarda da shi ko kaɗan: saboda wannan tabon Afirka ta Kudu, wadda ke cikin manyan masu fitar da lemo a duniya, ta kai ƙarar Tarayyar Turai gaban hukumar ciniki ta duniya a 2024. Ruɓar da ke cin kuɗinmu da gaske a mota, koriyar fumfunar nan mai kamar gari, ita ba ruwanta da iri. Ta rauni take shiga, daga yaran da ke girgiza bishiya suna jefo lemo ƙasa.

Da ƙanena ya sake kira a kan garka, na ce masa ya koma wurin mai dashen ya tambaye shi abu biyu: wane kai ne, kuma a kan wane gindi. Ya je. Kai dai an faɗa masa, har da rantsuwa. Gindi kuwa mutumin ya ce, "Ai lemo ne, Malam." Ya je wurin na biyu, shi ma haka. Ba na ce mugunta ba ce. Yawancinsu duk ƙwallon da suka samu shi suke shukawa, in ya kai kaurin fensir su ɗaura masa ido. Amma bishiyar da za ta yi shekara huɗu kafin ta fara mayar da kuɗi, ta kuma zauna shekara ashirin ko talatin, ba a saye ta kamar buhun gawayi. A Ghana akwai cibiyar binciken Jami'ar Ghana da ke Kade, a Nijeriya akwai NIHORT a Ibadan, a Nijar akwai INRAN, a Kamaru IRAD, kuma a irin waɗannan wurare, ko wurin masu renon dashen da suka koya daga gare su, za a iya gaya maka sunan gindi. Tsada kaɗan da wahalar tafiya, shi ke nan.

Mun tsaya a kan ba za mu dasa filin duka a gindi ɗaya ba. Rabi a kan Volkameriana, wanda ke jure zafi da tristeza kuma an saba da shi a ƙasashen tudu, sauran a kan Carrizo in an samu, in ƙasar ta karɓe shi. Lemo mai ɗaci mun bar shi, duk da juriyarsa, sai ko a ƙarƙashin lemun Masar, wanda tristeza ba ta kashe shi a kansa. Wurin ɗaurin ya zama taƙi guda ko fiye sama da ƙasa, kar a binne shi wajen dashe. Kowace bishiya a yi mata ɗan tudu a gindi, kwarin ruwa ya zagaya daga nesa, daidai inda inuwar rassa ta tsaya. Layi biyu na bakin rijiya kuma lemun tsami ne, wannan sharaɗin matarsa ne, don ita ta san abin da kwanonsa ke kaiwa a kasuwar Gaya cikin watan azumi.